TARIHI: Yadda Majinyatan Arewa Suka Karantar da Likitoci, da Rabon Kafanchan a Cikin Darasin



A yau da wuya ka shiga wata unguwa a Kafanchan, ko Kagoro, ko Zonkwa, ka rasa gidan da ke da yaro ko yarinya mai karatun aikin lafiya. Wasu suna Kwalejin Koyon Aikin Jinya da Ungozoma ta Jihar Kaduna da ke nan Kafanchan, wasu suna kwalejin fasahar lafiya ta ECWA a Kagoro, wasu suna makarantar Saint Louis a Zonkwa, wasu kuma sun tafi Zariya, Kaduna ko Jos neman digirin likita. Duk inda suka dosa, darussa biyu ne ke fara tarbarsu a bakin ƙofa: ilmin ƙirar jikin ɗan Adam, wato sanin kowace gaɓa da inda take zaune, da kuma ilmin yadda gaɓoɓin suke aiki. A nan ne ɗalibai da yawa suke tuntuɓe. Ana ba yaro sunayen ƙasusuwa 206, da jijiyoyi, da tsokoki, cikin kalmomin Latin da Girkanci, ya haddace, ya zuba a takardar jarrabawa, bayan wata uku ya manta.

Akwai wata hanyar koyarwa da ta girmi allo da alli. Malami ya fara da labarin majinyaci guda ɗaya, ya ce ga abin da ya kawo shi asibiti, ga abin da aka gani a jikinsa, sannan ya tambayi ɗalibai: me ya lalace a ciki, kuma don me? Wannan rubutu zai bi tarihin wannan hanya, da yadda ta yi aiki a ƙasarmu. Domin kuwa akwai abubuwan da likitocin duniya suke karantawa a littattafansu yau, waɗanda a gadajen asibitocin Zariya da Jos aka gano su.

KAFIN ZUWAN ASIBITI

Tun kafin Bature ya kafa asibiti, ƙasar nan tana da masu ilmin jiki. Maɗori ya san yadda ƙashin da ya karye yake amsawa a ƙarƙashin yatsa. Wanzami ya san inda zai ɗora ƙaho da inda ba a kai aska. Ungozoma ta san kwanciyar ɗa a ciki ta hanyar shafawa. Mahauci kuwa kullum hanta da huhu da ƙoda da saifa suna hannunsa, kuma sunayen da Bahaushe yake kiran kayan cikinsa da su, su ne dai ake ji a mahauta.

Babu ɗayansu da ya koya daga littafi. Yaro yana zaune kusa da mahaifinsa, a kawo mai karaya, ya gani, gobe a kawo wani. Bayan shekaru sai a ce ya gwada. Ƙarfin wannan koyo shi ne ba a manta shi, tunda gani ya kori ji. Rauninsa kuma shi ne ba a rubutawa, ba a ƙidaya waɗanda suka warke da waɗanda ba su warke ba, kuma ba a ganin abin da ke ƙarƙashin fata. Shi ya sa maɗori zai iya ɗaure hannun yaro tamau da karare, da kyakkyawar niyya, bai san ya toshe hanyar jini ba sai yatsu sun yi baƙi.

INDA HANYAR TA SAMO ASALI

Waɗanda suka fara haɗa gani da rubutu sun daɗe. A cikin malaman duniyar Musulunci, Abubakar Ar-Razi, wanda ya rasu wajen shekarar 925, ya shugabanci asibiti a garinsu Rayy da kuma Bagadaza. Ya riƙa rubuta labarin majinyatansa ɗaya bayan ɗaya, da alamomin ciwo da abin da ya biyo baya. Masu tarihi sun ruwaito cewa ɗalibansa sahu-sahu suke zama. Idan majinyaci ya zo, sahun farko ne za su fara sauraronsa. In sun gaza sai a miƙa shi ga na gaba da su, in duk sun gaza sannan malam da kansa ya yi magana.

Bayansa, lokacin wata mummunar yunwa da aka yi a Masar wajen 1200, Abdullaɗif Al-Bagdadi ya samu damar duba tarin ƙasusuwan mutane a kusa da Alƙahira. Fiye da shekara dubu likitoci suna maimaita maganar Jalinus, babban likitan zamanin Rumawa, cewa muƙamuƙin ƙasa ƙashi biyu ne da aka haɗa. Abdullaɗif ya duba ƙoƙunan kai masu yawan gaske, ya tarar ƙashi ɗaya ne. Ido ya gyara littafi.

A Turai, wani malamin jami'ar Padua a Italiya mai suna Morgagni ya wallafa littafi a 1761, inda ya jera labaran majinyata kusan 700, kowanne da ciwon da ya yi yana raye da abin da aka tarar a gaɓoɓinsa bayan ya mutu. A Amurka kuma, a 1822, bindiga ta tashi ta fasa cikin wani saurayi mai suna Alexis St. Martin. Ya rayu, amma ramin bai rufe ba, ana iya leƙa tumbinsa. Likitan soja William Beaumont ya yi shekaru yana lura da yadda abinci ke narkewa ta wannan rami, kuma da mutum ɗaya tak aka kafa tushen sanin aikin tumbi.

Shigar hanyar cikin aji kuwa, a 1900 wani ɗalibin likita a jami'ar Harvard, Walter Cannon, ya ga yadda ɗaliban shari'a suke koyo ta nazarin ƙararrakin da aka riga aka yanke, sai ya ba da shawarar a riƙa raba wa ɗaliban likita rubutattun labaran majinyata su tattauna. A 1969 jami'ar McMaster a Kanada ta ɗauki matakin da ya fi wannan: ta gina karatun likitancinta gaba ɗaya a kan matsalolin majinyata, tun daga shekarar farko, ɗalibai suna zama ƙungiya-ƙungiya.

ZUWAN ASIBITI AREWA

Kafanchan gari ne da jirgin ƙasa ya raya. A 1927 layin dogo da ya taso daga Fatakwal ya haɗe da na Kaduna ta nan, aka kuma fitar da reshe zuwa Jos. Ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa suka taru daga ko'ina, kuma inda jama'a suka taru dole a nemi magani. A garuruwan kewaye, 'yan mishan na SIM da suka zauna a Kwoi da Kagoro sun haɗa wa'azi da ɗakin shan magani, Katolika suka buɗe asibiti a Zonkwa, En'e kuma tana da nata ɗakunan magani a manyan gundumomi.

'Yan ƙasa da suka fara aiki a waɗannan wurare, waɗanda iyayenmu ke kira malaman asibiti, a gefen majinyaci suka koyi aiki: wanke gyambo, ɗaure rauni, yin allura, auna maganin ruwa. An koya musu abin da za su yi, amma ba a cika zurfafa musu dalilin yin sa ba. Zurfin ilmin yana hannun likita Bature.

Makarantar likitanci ta farko a Najeriya ita ce ta Yaba a Legas, wadda aka buɗe a 1930, kuma mataimakan likita take yayewa. Ɗan Arewa na farko da ya zama cikakken likita, Dokta Barau Dikko, haifaffen Wusasa a 1912, sai da ya tafi Birmingham a Ingila. Sunansa ne asibitin koyarwa na Jami'ar Jihar Kaduna yake ɗauke da shi a yau. A 1948 aka buɗe kwalejin jami'a ta Ibadan da sashen likitanci. Arewa kuwa sai bayan kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 ta samu nata tsangayar, wadda ta fara a 1967, lokacin Farfesa Ishaya Audu, shi ma likitan yara ne, yana shugabancin jami'ar.

Tsarin da aka gada daga Ingila ya raba karatu gida biyu. Shekarun farko ɗalibi yana aji da ɗakin gwaji, yana fama da ƙirar jiki da aikin gaɓoɓi, sai ya ci babbar jarrabawa sannan a bar shi ya shiga wajen majinyata. Littattafan kuma an rubuta su ne da majinyatan Landan a zuci. Malaman da suka zo Zariya a ƙarshen shekarun 1960 da cikin 1970 sun tarar gadajen asibiti cike da cututtukan da littafin ya ba su layi biyu, ko bai ambace su ba sam. Abin da suka yi shi ne suka mai da gadon asibiti littafi.

ZUCIYAR MAI JEGO

Misali mafi shahara shi ne na masu jego. Farfesa Eldryd Parry, wanda ya jagoranci sashen cututtukan manya a Zariya daga 1969, tare da abokin aikinsa Davidson, sun lura ana yawan kawo mata makonni kaɗan bayan haihuwa da alamu iri ɗaya: haki, tari, kumburin ƙafafu da fuska, mace ba ta iya kwanciya sai a zaune. Zuciya ce ta gaza. A Turai likita kan daɗe bai ga irin wannan ba, amma a Zariya abin ya kai wajen mace ɗaya cikin kowace haihuwa ɗari. Suka bi mata sama da 200, suna rubuta labarin kowacce, suna tambayar abin da take ci da yadda take zaman jego.

A nan suka ci karo da abin da kowane Bahaushe ya sani: wankan jego da tafasasshen ruwa safe da yamma har kwana arba'in, kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta a ƙarƙashi, da shan kunun kanwa. Sai suka jera bayani kamar haka. Kanwa tana ɗauke da gishiri mai yawa, gishiri kuma yana sa ƙoda ta riƙe ruwa, sai yawan jinin da ke zagayawa ya ƙaru. Zafi yana buɗe ƙananan hanyoyin jini na fata, sai zuciya ta ƙara gudu don ta cika su. Ga shi kuma mace ta fito daga wata tara da zuciyarta take aikin mutum biyu. Idan tsokar zuciyar tana da rauni, sai kaya ya fi ƙarfinta. In ɓangaren hagu ya gaza, jini ya taru a huhu, ruwa ya tsattsafo, shi ne haki da kasa kwanciya. In na dama ya gaza, sai ya taru a hanta da ƙafafu, shi ne kumburi.

Ku duba abin da ke cikin labarin mace ɗaya: ɗakunan zuciya huɗu da hanyar da jini ke bi a cikinsu, aikin ƙoda wajen daidaita gishiri da ruwa, yadda fata ke fitar da zafi, da yadda huhu ke musayar iska. Babi huɗu ne a littafi, waɗanda ɗalibi zai haddace daban-daban bai ga alaƙarsu ba. Wanda aka fara masa da labarin mai jego, wataƙila yayarsa ce ko matar wansa ta taɓa yin irinsa, ba zai manta ba.

Labarin bai tsaya nan ba, kuma ci gabansa ma darasi ne. Shekaru da dama bayan haka, Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero da Asibitin Malam Aminu Kano ya jagoranci wani bincike da ya tattara masu wannan ciwo daga asibitoci da yawa a Najeriya. Sakamakon ya nuna cewa al'adun jego ba su ne ginshiƙin matsalar ba kamar yadda aka zata. An fi ganin alaƙa da rama, da talauci, da rashin karatu, da hawan jinin masu ciki, kuma binciken da ya yi a Kano ya nuna ƙarancin sinadarin seleniyom a jinin yawancin matan. Wato bayanin da manyan farfesoshi suka yi, wani ɗan ƙasa ya dawo ya gyara shi, kuma da irin makaminsu ya gyara: komawa wajen majinyata da ƙidaya. Ɗalibin da aka karantar da wannan tarihi zai fahimci cewa littafi ba ya rufe ƙofar tambaya.

SARAN KUBUBUWA DA KWALBAR GILASHI

Misali na biyu ya shafi manoma kai tsaye. A farkon shekarun 1970 wani matashin likita, David Warrell, yana koyarwa a Zariya. Ya mai da hankali kan saran maciji, musamman kububuwa, wadda wasu ke kira gobe-da-nisa. Abin da ke ɗaure kai game da ita shi ne mutum zai iya zuwa asibiti da ƙafarsa, yana magana garau, sai kumburi kawai a inda aka sare shi. Bayan kwana ɗaya ko biyu sai jini ya fara fita ta dasashi, ta tsohon rauni, ta fitsari, wani lokaci ya zuba a cikin ƙwaƙwalwa.

Ta bin majinyata sama da ɗari aka fito da bayanin a fili. A cikin jinin mutum akwai sinadaran da ke sa shi daskarewa idan an ji rauni, kuma hanta ce ke ƙera yawancinsu. Dafin kububuwa yana tayar da waɗannan sinadarai su yi ta aiki ba gaira ba dalili a cikin jiki, har su ƙare ƙarƙaf. Daga nan jini ya zama kamar ruwa, ko ƙaramin tsagu ba zai tsaya ba. Wannan ne ma ya sa tsaga wurin saran da reza yake ƙara haɗari.

Daga wannan fahimta aka samu gwajin da ba ya bukatar lantarki ko na'ura. A ɗebi jini kaɗan a zuba a sabuwar kwalbar gilashi mai tsabta, busasshiya, a ajiye ta minti 20 ba a taɓa ba, sannan a karkata ta. In jinin ya daskare, da sauƙi. In yana nan ruwa, dafi ya shiga jini, a ba da maganin dafi ba tare da jira ba. Yau ana amfani da wannan gwaji a Afirka da Asiya da Kudancin Amurka, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sa shi a cikin jagororinta. A asibitin saran maciji na Kaltungo a jihar Gombe aikin yau da kullum ne, kuma masana irin su Farfesa Abdulrazaq Habib na Kano sun ci gaba da bincike a fannin. Duk ɗalibin da ya taɓa kokawa da jadawalin daskarewar jini, mai cike da lambobi da kibiyoyi, ya san wahalarsa. Amma a ce masa ga manomin citta an kawo daga gona, dasashinsa yana jini, ga kwalba, me ya sa jinin bai daskare ba, sai jadawalin ya zama amsar tambaya.

ƘUGUN YARINYA DA KAN JARIRI

Na uku shi ne aikin Farfesa Kelsey Harrison, ɗan asalin jihar Ribas, wanda ya jagoranci rubuta bayanan haihuwa 22,774 a Zariya tsakanin 1976 da 1979, aka wallafa sakamakon a 1985. Binciken ya nuna cewa matan da suka fi shiga haɗari su ne waɗanda ba su yi awo ba, da masu ƙarancin shekaru, da gajeru waɗanda ƙashin ƙugunsu bai gama buɗewa ba. Idan kan jariri ya fi ƙarfin hanya, naƙuda ta yi tsawo, kan yana danne mafitsara a jikin ƙashi har jini ya daina isa wurin, naman ya mutu, ya ɓule. Wannan shi ne asalin yawancin yoyon fitsari. Ya kuma gano cewa 'yan mata ƙanana masu ciki da aka ba maganin zazzaɓin cizon sauro da na ƙarin jini sun ƙara tsawo a lokacin goyon cikin. Ga ɗalibar ungozoma, awon ƙashin ƙugu da take haddacewa da santimita a nan yake samun ma'ana.

ABIN DA AKA BIYA A JOS

Wannan ilmi ba a same shi kyauta ba, kuma maƙwabtanmu na Jos shaida ne. A watan Janairun 1969 wata nas 'yar mishan, Laura Wine, ta kamu da zazzaɓi a garin Lassa da ke jihar Borno ta yanzu. Aka kawo ta asibitin SIM na Jos, ta rasu. Nas ɗin da ta yi jinyarta, Charlotte Shaw, ita ma ta kamu ta rasu. Ta uku, Lily Pinneo, aka kai ta Amurka ta rayu, kuma daga samfurin jinin da aka aika masana a jami'ar Yale suka gano sabuwar ƙwayar cuta. Likitar asibitin, Dokta Jeanette Troup, ita ce ta rubuta bayanan majinyatan dalla-dalla. Da cutar ta dawo Jos a farkon 1970, ta yanke a yatsa tana binciken gawar wani da ya mutu da ita, ta rasu a watan Fabrairu. Da rubutattun labaran majinyata uku duniya ta san zazzaɓin Lassa. Duk safar hannu da takunkumin da ake matsa wa ɗalibanmu su sa, akwai irin wannan tarihi a bayansu.

RABON KAFANCHAN

A shekarun baya-bayan nan yankinmu ya samu ƙarin dama. Jami'ar Jihar Kaduna da aka kafa a 2004 tana da reshe a Kafanchan. Babban asibitin garin, wanda aka sa wa sunan marigayi Gwamna Patrick Ibrahim Yakowa, ya daɗe yana karɓar ɗalibai masu koyon aiki. A 2025 kuma gwamnatin tarayya ta amince da kafa cibiyar kiwon lafiya ta tarayya a Kafanchan da jami'ar kimiyya a Kachia. Gine-gine za su tashi, za a ɗauki ɗalibai. Tambayar ita ce wane irin koyo za a yi a ciki.

Kayan aikin wannan hanya ba sai an yi odarsu daga waje ba. Ga misalai uku da kowane malami zai iya tsarawa daga abin da ake gani kullum. Yaro ne aka yi wa allura a ɗuwawu a wani shagon magani, washegari ƙafarsa tana ja, ba ya iya ɗaga tafinta. Ɗalibin da ya warware wannan zai san inda babbar jijiyar ƙafa ta ratsa, kuma har abada ba zai soka allura ba sai a ɓangaren sama na waje. Ɗan acaɓa ne ya faɗi ya karye a tsakiyar damtse, hannunsa ya saki daga wuyan hannu. Me ya haɗa karayar damtse da yatsu? Jijiyar da ta naɗe ƙashin ta baya. Jariri ne mai gudawa, maɗigarsa ta faɗa, idanunsa sun zurma. Don me ruwan gishiri da sukari yake ceto inda ruwa zalla bai isa ba? Saboda a bangon hanji gishiri da sukari tare suke shiga, ruwa kuma ya bi su.

Sai dai a yi hattara, labarin majinyaci ba ya maye gurbin karatu. Wanda bai san sunayen ƙasusuwa ba babu abin da zai tattauna. Hanyar tana cin lokaci, tana bukatar ƙananan ƙungiyoyi da malamin da zai iya yin shiru ya bar ɗalibai su yi ta laluben amsa, abin da ke da wuya a ajin da ya cika maƙil. Haka kuma ba ta kore bukatar ganin jiki na zahiri ba. Tun 1933 Najeriya take da dokar da ta tsara amfani da gawa wajen koyarwa, amma samun gawar yana da wuya, domin Musulminmu da Kiristanmu duk muna girmama mamaci muna son a binne namu. Wannan ƙarancin ma wani dalili ne na a ci moriyar abin da muke da shi a yalwace, wato labaran masu rai.

Mu ma jama'ar gari muna da namu kason. Duk binciken da aka ambata a sama ya yiwu ne saboda wani ya zauna ya rubuta, wani kuma ya adana fayil. Idan aka ba ka katin asibiti, ka riƙe shi da kyau. Idan likita yana tambaya, a faɗa masa gaskiya, har da maganin gargajiyar da aka sha da kwanakin da aka yi a gida. Idan ya zo zagaye da ɗalibai ya nemi izini su saurara, wanda ya amince ya taimaki na baya, wanda bai amince ba kuma haƙƙinsa ne, babu mai tilasta shi. A ɓangaren makarantu, amana ce a kansu su cire suna da unguwa da duk abin da zai sa a gane mutum kafin a kai labarinsa aji. A gari irin namu da kowa ya san kowa, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ɗaukar hoton majinyaci a waya a yaɗa cin amana ne.

Iyaye kuma, idan ɗalibinku ya dawo hutu, kada tambayar ta tsaya a kan maki nawa ya ci. Ku ce ya bayyana muku da Hausa, ko da harshen gida, dalilin da ya sa ƙafar mai ciwon zuciya take kumbura, ko dalilin da ya sa ba a tsaga saran maciji. In ya iya fahimtar da kakarsa, to ya fahimta. In ya tsaya yana jero kalmomin Latin, da sauran aiki, kuma gara a gano haka yanzu da a gano a ranar da ran wani yake hannunsa.

Matan Zariya masu jego, da manoman da maciji ya sara, da ma'aikatan jinyar Jos, ba su san za su shiga littafi ba. Majinyatan Kafanchan, Kagoro, Kwoi, Zonkwa da Kachia su ma suna ɗauke da tambayoyin da ba a amsa ba tukuna, kuma 'ya'yanmu ne suka fi kowa kusa da su.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya sa wa karatun 'ya'yanmu albarka.